Gadon Admin Awaisu

Awaisu bai taɓa noma ko kunya ɗaya ta tumatir ba, amma duk Danja babu wanda ya kai shi iya bayanin yadda ake nomansa. Asalin sana'arsa tura waƙoƙi da wa'azi a waya, a wata 'yar rumfa da ke bakin kasuwa, sai kuma sayar da caja irin wadda ke aiki lafiya lau har mai saye ya isa gida. Ana nan aka shirya wata bita a Zariya kan yadda ake haɗa shafin intanet. Awaisu ya je ya samu rabinta, wato rabin da ake raba shinkafa. Ya dawo da takardar shaida da hula hana-sallah, ya sanar a teburin Mudi mai shayi cewa daga yau sunansa Admin.

"Admin ɗin me?" in ji Mudi.

"Na komai."

"To Admin na komai, da madara ko ba madara?"

A daidai lokacin nan Ƙungiyar Manoman Tumatir ta Bakin Fadama tana cikin wani hali. Duk shekara in kaya ya yi yawa sai ya ruɓe a kwando kafin motocin kudu su iso. Sai aka ji wata hukuma a Kaduna tana raba na'urar busar da tumatir mai aiki da hasken rana, amma ta ce duk ƙungiyar da ke so sai ta mallaki shafi a intanet mai nuna gonakinta da aikinta, kuma za a turo jami'a ta duba. Shugaban ƙungiya, Alhaji Maitama, ya tambaya a wurin taro ko akwai wanda ya san kan abin. Awaisu ba ɗan ƙungiya ba ne, kunun aya ne ya kawo shi, amma hannunsa ya riga na kowa tashi.

"Alhaji, wannan ai kurɓar shayi ne a wurina. Ni da na koya wa malaman Zariya wasu abubuwan."

Alhaji Maitama ya dube shi sama da ƙasa. Da yake babu wani hannun, ya zaro makullin babur ɗin ƙungiya, wani ja sabo fil da ko ledar kujerarsa ba a cire ba, ya ce, "Ga shi ka zaga gonaki ka ɗauko hotuna. In baƙuwar ta zo ta ga abin kirki, babur ya zauna a hannunka, ka zama jami'in yaɗa labaranmu. In ta ga shirme, a kan tabarmar nan za ka ajiye mini makulli."

Rabin farko na maganar kaɗai Awaisu ya ji, kamar dai bitar Zariya. Kafin magariba ya liƙa wa babur takarda a baya an rubuta ADMIN da manyan baƙaƙe, ya sa masa hon irin na tirela, ya kuma hau har Maska ya gaishe da surukansa, ya bar su da fahimtar cewa saye ya yi. Bai faɗa da bakinsa ba, amma da aka yi masa Allah ya sanya alheri ya amsa da amin har sau uku.

A yi masa adalci, aiki kam ya yi shi. Ya bi fadama-fadama yana ɗaukar jan tumatir a kwanduna, da injinan ban ruwa, da mata suna yanka kauɗa suna shanyawa. Manhajar da ake haɗa shafin da ita kuwa kamar shago ce da aka riga aka gina har da kanta, kai dai ka jera kaya. Ya jera, ya rubuta bayani a ƙarƙashin kowane hoto, sannan ya goge hotunan daga wayarsa don ya samu wurin waƙoƙin kwastomomi.

Da ya gama ya tara shugabanni a zauren Alhaji don ya nuna musu. Akwai Alhaji Maitama, da mataimakinsa Malam Iliya, tsohon malamin gona mai ritaya wanda ke karanta Turanci da tabarau biyu. Akwai Hajiya Ladidi shugabar mata masu kauɗa, sai Baba Sabo, wanda ya girmi kowa a ƙungiyar, yana kuma taɓa sayar da maganin gargajiya a gefe.

Awaisu ya gyara zaman hula ya fara. Nan shafin farko, shi baƙo ke fara gani, kamar zaure. Nan rumbun hotuna. In ka rubuta abu ba ka gama ba, ka bar shi a daraf, babu mai gani sai kai. In ka danna wallafa, duniya ta gani, har Makka. Nan ake canza wa shafi riga, launi da ado su sauya amma kayan ciki suna nan. Nan kuma kwandon shara, duk abin da aka goge can yake faɗawa ya jira, ko a dawo da shi ko a zubar gaba ɗaya.

Malam Iliya ya sauya tabarau ya ce, "Na ji ana ajiye kwafin komai a wani wuri daban, saboda tsautsayi."

"Bakof ke nan, Malam. Na masu tsoro ne."

Da ya tsaya nan da ya kwana lafiya. Amma daɗin bayani ya ɗebe shi, ya shiga maganar muƙamai. Ya ce manhajar hawa-hawa ce. A sama akwai admin, shi ke da wuƙa da nama, yana iya sa mutum yana iya cire shi. Ƙasa da shi edita, mai gyara rubutun kowa. Sai marubuci, nasa kaɗai yake taɓawa. Sai mai gudummawa, ya rubuta ya jira a ba shi izini kafin a wallafa. Can ƙarshe mai kallo, wanda ba ya iya komai sai kallo. Daga nan ya fara naɗi: Alhaji edita, Malam Iliya marubuci, Hajiya mai gudummawa, Baba Sabo mai kallo.



Baba Sabo ne ya fara magana, a hankali. "Awaisu, ranar da aka yi wa ubanka kaciya ni na riƙe masa ƙafa. Yau ni ne mai kallo?"

"Baba, ai suna ne kawai."

"To ɗauki sunan ka ba ni naka."

Hajiya Ladidi ta ce, "Ni kuma in na rubuta sai na zauna jiran izininka? Marigayi mai gidana ma bai samu wannan ba, Allah ya ji ƙansa."

Alhaji Maitama bai ɗaga murya ba. "Shi editan nan, sama yake da admin ko ƙasa?"

"Kusa suke, Alhaji."

"Sama ko ƙasa?"

"Ƙasa, amma da ɗan kaɗan."

Alhaji ya juya ya kalli babur da ke jingine a ƙofar zaure. Awaisu ya ga kallon. Nan take ya karɓi wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya ya mai da kowa admin, ya nuna musu inda ake sa hoto da inda ake gogewa. Aka yi fatiha aka tashi kowa da fara'arsa.

"Shafi mai admin biyar," ya ce wa Mudi da yamma. "Ko a Zariya ba su kai ga wannan tunanin ba."

"Motar da ke da direba biyar fa, wa ke riƙe sitiyari?"

"Kai dai zuba shayi. Wannan harkar ilimi ce."

Washegari da hantsi ya buɗe shafi, sai ya tarar hoton fadama ya sauka daga shafin farko, Alhaji Maitama ya hau, cikin babbar riga, yana murmushin da ke nuna haƙorin Makka. Kafin azahar Alhaji ya koma ƙasa, Malam Iliya ya hau da wani tsohon hotonsa na zamanin aiki, yana riƙe da kabewar da ta ci gasa. Da la'asar duk su biyun suka matsa, aka samu sanarwa da manyan baƙaƙe: ingantaccen maganin basir, na ciki da na waje, a tuntuɓi Baba Sabo bayan masallacin Juma'a.

Awaisu ya hau babur ya yi gidan Baba Sabo.

"Baba, shafin tumatir ne."

"Masu noman tumatir ba sa basir?"

"Suna yi, amma..."

"To."

Ya wuce gidan Hajiya Ladidi, domin a lokacin shafin ya riga ya sauya riga, ya koma ruwan hoda da manyan furanni. Hajiya ta ce launin ankon bikin jikarta ne, kuma duk wadda ta gani ta yaba. Ta ƙara da cigiyar akuyarta da ta ɓata, fara mai baƙin kunne, har da hoto. Awaisu ya ce mata hukuma ba akuya za ta zo dubawa ba. Ta ce ai hukumar ba ta san akuyar ba ne.

Malam Iliya kuma ya lura shafin ya fara magana babu sallama, abin da ya kira rashin tarbiyya. Ya rubuta gaisuwa ga hakimi, da dagaci, da masu unguwanni, da limamai, da sarkin noma, da sarkin kasuwa, kowa da addu'arsa. Alhaji ya ga an manta surukinsa ya ƙara. Baba Sabo ya ƙara mamata. Sai da ta kai mutum zai yi ta jan yatsa har ya gaji kafin ya ga tumatir na farko.

Shi ma Awaisu bai zauna haka ba. Don ya nuna musu akwai bambanci tsakanin admin na ilimi da admin na shekaru, ya ɗora wa shafin wani ƙarin kayan aiki da ake kira fulogin, wanda ke sa fararen ɗigo su riƙa zubowa daga sama a kan hotuna. Ya ce ado ne irin na Turai. Manoma suka buɗe suka ga ƙanƙara tana sauka a kan tumatir ɗinsu. Wani ya yi salati, wani ya tafi gona da gudu ya duba. Aka aiko wa Awaisu cewa in fata yake yi musu, to ya koma kansa. Ya cire, yana cewa mutanen Danja ba su shirya wa ci gaba ba.

Ana cikin haka Alhaji ya kira shi zaure. Malam Iliya ne ya shiga wurin da sunayen masu muƙami suke, ya ga abin da ya tayar masa da hankali. Sunan Awaisu ne a sama, da hotonsa da hana-sallah, sannan manya suka biyo baya, Baba Sabo a can ƙarshe.

"Sauko da kanka," in ji Alhaji.

"Alhaji, injin ne ya jera. Ba ya motsuwa."

"Injin bai san babba ba?"

"Bature ne ya ƙera shi."

"Ya nuna," in ji Baba Sabo.

Awaisu ya yi alkawarin zai duba, ya fita yana dariya a ciki. Ana gobe baƙuwa za ta zo ya zauna ya share duk tarkacen da zai iya, ya mai da gonaki sama, ya roƙi kowa don girman Allah kada ya taɓa komai. Sannan ya hau babur ya tafi Funtua hayar majigi, don a haska shafin a bango kowa ya ga aikinsa da girma. A hanya har yana tsara inda zai sa wa babur madubi na uku.

Ranar taro ajin makarantar firamare ya cika, maza a gaba, mata a baya, masu leƙe a taga. Aka ɗaura farin zane a allo, janareta ya kama. Jami'ar da aka turo, Malama Najiba, mace ce marar yawan magana, ta zauna kusa da Alhaji ta harɗe hannu. Awaisu ya tashi da sabuwar shadda ya yi jawabi. Ya ce shafin da za a gani yanzu, daga Funtua har Malumfashi babu irinsa, kuma ya haɗa shi ne da hannu ɗaya yana shan shayi da ɗayan.

Ya danna. Ruwan hoda ya cika bango, furanni suka biyo. Gaisuwa ta fito, ya yi ta ja, ya wuce hakimi, ya wuce mamata. Ƙarƙashinta maganin basir. Ƙarƙashinsa akuya. Daga akuya sai ƙarshen shafi.

"Sabis ne," in ji Awaisu.

Ya danna inda aka rubuta Gonakinmu, aka ce ba a sami shafin ba. Ya danna Aikin Mata, aka ce ba a sami shafin ba.  Ya ce wa jama'a ƙaramin abu ne, bari admin ya shiga ciki. Ya rubuta sunansa da kalmar sirri, kowa yana gani a bango. Manhaja ta ce ba ta san mai wannan suna ba. Ya sake, ta sake.

"Au," in ji Malam Iliya daga kujerarsa. "Ai mun cire ka jiya."

Awaisu ya juyo. "Kun cire ni, Malam?"

"Na ɗan lokaci. Mun ga bai dace baƙuwa ta zo ta tarar da yaro a saman iyayensa ba. Muka ce a cire ka, a sake shigar da kai ta ƙasa. Cirewar ta yi sauƙi. Shigarwar ce ba ka koya mana ba."

"To gonakin fa? Hotunan fa?"

"Wannan kuma maganar gado ce," in ji Alhaji Maitama, ya gyara zama ya fuskanci baƙuwa, don ta ga ƙungiyar tana bin tsari. "Da za a cire shi, injin ya tambaya, kayan da ya bari a ba wa? Muka ce a raba. Ya ce shi ba ya rabawa, ko mutum ɗaya ya gaje duka, sunansa ya hau kan komai, ko a goge. Na ce to ni ne shugaba."

"Na ce ni na fi kusa da mamacin," in ji Baba Sabo.

"Ina raye, Baba."

"A shafin muke magana."

Hajiya Ladidi ta ɗago daga baya. "Ni kuma na ce rabin hotunan nan matana ne da kauɗarsu, ba za a rubuta sunan wani namiji a kai ba."

"Har magana ta fara zafi," in ji Alhaji. "Sai Malam Iliya ya ce shekara da shekaru muna tare, kada gado ya raba mu. Muka yi shawara kowa ya haƙura. Aka goge, aka yi fatiha."

Wasu dattawa a gaba suka gyaɗa kai, aka ji ana cewa madalla da wannan zumunci.

 Ta taga Awaisu yana hango babur a gindin darbejiya, rana tana walƙiya a tankinsa. Sai wani abu ya faɗo masa, fuskarsa ta washe, muryarsa ta dawo.

"Jama'a, a kwantar da hankali. Wannan shi ne amfanin ilimi. Duk abin da aka goge yana kwandon shara. Malam, ba ni wayarku."

Ya haɗa wayar Malam Iliya da majigi, ya shiga, ya ɗaga yatsa sama yadda kowa zai gani, ya danna kwandon shara. Babu komai a ciki, fes kamar an wanke.

"Da asuba na zubar," in ji Hajiya Ladidi. "Na leƙa na gan shi cike maƙil. Baƙuwa za ta taso tun daga Kaduna ta tarar da kwandonmu da shara, ta koma ta ce matan Danja ƙazamai ne?"

Mata suka amsa da gaskiya ne, Hajiya.

Malama Najiba ta yi magana karo na farko. "Malam Awaisu, ai sai a dawo da shi daga bakof."

Awaisu ya buɗe baki, Malam Iliya ya taimake shi. "Ya ce na masu tsoro ne."

"Hotunan da ke wayarka fa?"

"Akwai waƙoƙi," in ji Awaisu, murya ƙasa-ƙasa.

Ta tambaya ko za a iya zagawa da ita ta ga gonakin da ido. Aka gaya mata an gama ɗiba, tumatir ɗin da ke hotunan tuni aka cinye shi a Legas. Ta dubi bango, inda akuya ke tsaye da baƙin kunnenta, ta daɗe tana dubawa. Can wani daga taga ya ce, ai wannan akuyar tana bayan gidan Lauratu mai ƙosai tun ranar kasuwa. Hajiya Ladidi ta yi hamdala ta ce ita dai shafi ya yi mata amfani. Direban baƙuwa kuma ya matso a hankali ya tambayi wane ne Baba Sabo.

Malama Najiba ta yi godiya, ta ce ta ga haɗin kai irin wanda ba ta taɓa gani ba. Ta ce daga nan Maska za ta wuce, akwai wata ƙungiya can, na'urar kuma guda ɗaya ta rage.

Da mota ta tashi, Alhaji Maitama bai yi faɗa ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya zauna, ya nuna ta da yatsa. Awaisu ya laluba aljihun sabuwar shadda, ya daɗe yana laluba kamar aljihun rijiya ne, sannan ya ajiye makulli. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har ya rasa abin cewa, abin da ba a taɓa gani ba a Danja.

"Ba mu kore ka ba," in ji Alhaji. "Malam Iliya zai bincika yadda ake shigar da mutum. Baba Sabo ya ce a ba ka muƙamin da ka ba shi."

Awaisu ya taka da ƙafa har teburin Mudi, majigin haya a kafaɗa. Ya zauna ya ce a ba shi ba madara. Ya fara bayanin cewa a gaskiya ma shi ya ajiye aikin, don akwai manyan wurare da ke nemansa, sai ga ƙarar hon ɗin tirela daga bakin kasuwa. Jan babur ne, Malam Iliya yana tuƙi da tabarau biyu, Baba Sabo a baya da jakar magani, takardar ADMIN tana nan inda aka liƙa ta. Awaisu ya bi su da ido har suka sha kwana.

Mudi ya tura masa kofi. "Mai kallo, har ka kama aiki ke nan."